Bakin Mai Goro

Tun da doka ta ce kowa ya maƙala kakaki a wuyan riga, ba wanda ke amsa wa ɗan jarida da bakinsa. Na'urar ce ke amsawa. Ni kuwa abin da nake koyarwa a kwaleji shi ne yadda ake hira da mutane. Shugaban sashe ya ce in ɗalibata ɗaya tilo, Zuwaira, ba ta samo maganar bakin mutum yau ba, za a rufe ajin, a mayar da ni kula da kujeru.

Muka shiga kasuwa. Ta yi duk tambayoyin da na koya mata, kowane kakaki na cewa, "Mai wuyan nan ba shi da ta cewa."

A rumfar wani dattijo mai goro ta tsaya, ta ƙura wa tsagen fuskarsa ido.

"Baba, Babarbare ne kai? Ga malamina, Bafulatani ne. Ya ce dukkanku bayinsa ne."

Ni ban taɓa faɗin haka ba, amma na gyara tsayuwa.

Dattijon ya fizge kakakin. Sai da ya yi tari sosai kafin murya ta fito, a dushe.

"Wannan mai ƙafar sillen kara? Yarinya, rubuta! Kakana ne ya koya wa kakansa sa wando."

Ta rubuta, har da sillen karan.

Ba a rufe ajin ba. An buga hirar a shafin farko na jarida, da hotona tun daga gwiwa zuwa ƙasa.