Ƙwaryar Mamaci a Kan Tafki

Malam Barau, ka ishe ni da cewa ma'aunin da yake ƙarya ba ya kai mutum ga gaskiya. To, gyara zama ka ji. A wani tafki da ya cinye tsohon gari, wani masunci ya nutse, ruwa ya ƙi ba da gawar. Matarsa ta ce ba ci ba sha sai an yi masa sutura. Al'adar mutanen wurin, a ɗora ƙwaryar mamaci a kan ruwa, inda ta nufa can yake. Amma ƙwarya ba ta da amana, iska na tura ta, igiyar ruwa na jan ta, in ta nuna daidai sau uku sai ta yi ƙarya sau biyu. 'Ya'yansa biyu suka fita, kowa da kwalekwalensa, babban da ƙwaryar tuwon uban, ƙanen da ta fura. Babban, sarkin zafin nama, duk inda ta nuna sai ya zabga filafili a ruwa sau ashirin. Ya yi gabas ta ce yamma, ya yi yamma ta ce gabas. Wallahi tausayinsa nake ji, don a kan ubansa yake ta wucewa bai sani ba.

Ƙanen shi ma da ashirin ya fara. Da ya sake ɗora ƙwarya sai ya yi goma, sannan bakwai, sannan biyar. Kullum yana ragewa, amma bai taɓa ajiye filafilin ba. Ƙaryar ɗazu da ta yanzu suka riƙa cinye juna, gaskiyar ce kaɗai ke taruwa. Rana ta uku da tsakar rana ruwa ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya kuka, tuƙinsa ya koma ɗan taɓa ruwa kawai. Ya zura gora, ta taɓa reshen wata tsamiyar tsohon garin da ke tsaye a ƙarƙashin ruwa, sannan ta taɓa riga. Uban ya taso a rigingine, ido buɗe. Kafin la'asar an rufe shi, tsohuwar matarsa ta karɓi kunu.

Babban kuwa, kwalekwalensa aka tsinta ba kowa ciki. Har yau in rana ta take, masunta kan ji filafili yana dukan ruwa, ashirin gabas, ashirin yamma, sai su naɗe taru su koma gida. Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.