Likitar da Ta Kashe Tsohuwar Manhaja

Tunda kai ma rushewa kake son yi, tsaya ka ji abin da ya sami wata likita da aka ba shugabancin asibiti a wani gari. Ta tarar manhajar da suke adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta ta tsufa. Irin ta aikin gayya ce, wadda jama'a suka haɗa hannu suka gina, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara daidai da bukatarsa. Ga ta da nawa kamar jakin da ya sha kaya, ga muni. Masu kula da ita suka ce a bar su su riƙa gyara ta sannu a hankali. Likita ta ce ita ba faci ta zo yi ba. Ta kira ƙwararru daga birni suka ƙera mata sabuwa fil, aka juye bayanai a ciki, aka kashe tsohuwar.

Abin da kowa ya manta shi ne, garin cike yake da masu suna ɗaya, har sunan uba. Shekara da shekaru ana koya wa tsohuwar ta bambance su da unguwa da sunan mahaifiya. Sabuwar ba ta san wannan ba, sai ta riƙa haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Wata ranar kasuwa aka kawo wani mahauci da wuƙa ta yanka, hannu ya yi ruwa. Likita ta duba kwamfuta, ba ta ga gargaɗin komai ba, ashe bayanan wani mai sunansa ta gani, ta sa aka yi masa allurar da jininsa ba ya karɓa. Kafin ya sauko daga gado leɓɓansa sun kumbura, numfashi yana fita da shaƙa, matarsa ta ɗora hannu a ka tana salati. Da ƙyar aka ceto shi. Likita ta leƙa baranda, ta ga layin mutane kowa riƙe da katinsa, har da mata masu ciki, ba ta san wanda ke ɗauke da tarihin wani ba. "Kada a ƙara yi wa kowa allura," ta ce. "A kunna tsohuwar." Aka kunna, aka hau gyaranta. Amma har ta bar asibitin nan, in ta ji takun gudu a baranda sai gabanta ya yanke ya faɗi.

Shi ya sa magabata suka ce, da sabon gini gara yaɓe.