Aron Ido

Shekara shida ke nan Abdulgaffar yana gadin wani siton tayoyi a Khumra, can kudancin Jidda. Umara ce ta kawo shi, bai koma ba. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa, sai kujerar roba da wata fanka da ke hura masa iska mai zafi. Direbobin da ke shige da fice ba su ma damu da sunansa ba. "Ya haris," wato maigadi, "buɗe ƙofa," shi ke nan gaisuwarsa.

Alhali a gida mutumin nan Saje ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a ma'ajiyar makaman soja, har ta kai da ya ɗora ido a kan bindiga zai gaya maka ƙasar da ta ƙera ta da irin wahalar da ta sha. A Jidda kuwa wannan sanin ko ruwan sanyi bai taɓa saya masa ba.

Wata la'asar sai ga hotuna uku a wayarsa daga Zaharadden, ɗan ƙanwarsa da ke can gida Zamfara. Bindigogin soja ne na hannu, an jera su a kan buhu. Saƙon murya ya biyo baya.

"Kawu, a taimaka a duba mana. 'Yan sa-kai ne za su saya don tsaron ƙauye, suna tsoron a yi musu sakiyar da ba ruwa a ciniki. Na ce musu duk ƙasar nan ba mai idon Kawuna."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta kama Abdulgaffar. Ya gyara zama, ya saka tabarau, ya buɗa hotunan da yatsa biyu.

"Ta farko ƙirar gida ce, fenti ya rufa mata asiri," in ji shi. "Ta biyu ta gaji, kada su ɓata kuɗinsu. Ta ukun nan, mai tsagaggen gindi da aka ɗaure da koriyar waya, ita ce ta gaske. Kada muninta ya ruɗe ku. Za ta yi shekara goma ba ta ba mai ita kunya ba."

Daga ranar hotuna ba su yanke ba. Kowane mako sai ya tantance, ya faɗi wadda ta cancanci tsada da wadda ba ta kai ba. Ko sisi bai nema ba, kuma ba a ba shi ba. Abin da yake samu shi ne a kira shi Saje, a jira abin da zai ce.

Mahmud, tsohon direban siton da suke cin abincin rana tare, ya leƙa wayar wata rana, ya ajiye gurasarsa.

"Saje, 'yan sa-kan nan naku ba sa ƙoshi ne? Wata huɗu ana saye. Ka taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu?"

"Ɗan ƙanwata ne fa, Mahmud."

"Na ji. Amma wa yake kai wa?"

"Ni ban sayar ba, ban saya ba, ban taɓa ba. Teku ce tsakanina da su. Ido kawai na ara masa."

"Halas, shi ke nan," in ji Mahmud, ya ɗauki gurasarsa. "Allah ya sa a dawo maka da shi lafiya."

Tambayar ta ɗan tsaya wa Abdulgaffar a rai. Sau biyu ya ɗauki waya zai yi wa Zaharadden ita, sau biyu ya fasa, don yana gudun amsar da za ta raba shi da ɗan girman da ya rage masa.

Ranar wata Talata, rana tsaka, matarsa Mastura ta kira daga gida. Da ƙyar ya fahimci maganarta saboda kuka. 'Yarsu Najwa ta shiga mota za ta awon ciki, 'yan bindiga suka tare hanya suka buɗe wa motar wuta. Mutum biyar suka rasu, da ita a ciki. Kafin la'asar an kai ta makwancinta, uban yana Khumra yana buɗe wa tirela ƙofa, don wanda ba shi da takarda ba ya hawa jirgi ranar da ya so.

Bayan kwana uku aka sa hoto a zauren WhatsApp na 'yan garinsu. Jami'an tsaro sun bi maharan, sun ƙwato makamai, an shimfiɗa su a ƙasa. Jama'a na ta rubuta Alhamdulillahi. Abdulgaffar ya saka tabarau, ya buɗa hoton da yatsa biyu kamar yadda ya saba.

Ta biyu daga hagu tana da tsagaggen gindi, ɗaure da koriyar waya.

Ya kira Zaharadden, waya a kashe. Ya sake kira har batirinsa ya mutu. Daga baya ya ji cewa yaron dillali ne, duk wanda ya miƙo kuɗi shi yake miƙa wa kaya, kuma ya bar gari.

Mahmud ya same shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya.

"Yi haƙuri, Saje. Bindigogi bakwai ne a hoton. Ba lallai ne daga ita harsashin ya fito ba."

Abdulgaffar ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Kada ka ƙara ce mini Saje," ya ce a hankali. "Cewa na yi ba za ta ba mai ita kunya ba, Mahmud. Ga shi ba ta ba shi ba."

Jama'a, wanda ya tantance makami ya yi masa kuɗi, hannunsa na cikin duk abin da makamin ya aikata, ko da teku ce tsakaninsu. Kafin ka ara wa wani saninka, ko da jininka ne, tambayi inda za a kai shi, domin ba ka san ƙofar gidan da zai ƙwanƙwasa ba.