Layin da Ya Kama

"Layin wa ne wannan?" shugaban aiki ya tambaya, yana nuna bishiyoyin da suka yi kore shar.

Wani dattijo ya ɗaga hannu yana murmushi. Tun da kasuwa ta mutu aka rufe masaƙa, yake cikin marasa aikin da gwamnati ta ɗauka dashen bishiya a tudun da zaizaya ta cinye.

Ranar farko ƙaninsa ya raɗa masa, "Yaya, kar ka cire ledar da bishiyar ta zo a ciki. Binne ta haka ta mutu, a sake kiranmu." Kowa haka yake yi. Shi kaɗai yake yage leda, har ruwan shansa yake ba dashen.

"Madalla, Baba," in ji shugaban. "Naka ya kama, aikinka ya ƙare. Ajiye shebur. Sauran, gobe a sake dashe."

Ƙanin ya ɗauke shebur ɗin, ko kallonsa bai yi ba.

Da aka watse, dattijon ya tuna bakuna bakwai da ke jiransa a gida. Ya durƙusa, ya kama bishiyar farko da hannu biyu, ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ko gezau. Ta riga ta yi saiwa.