Sunan Malam Labbo

Makaranta ta tara ke nan a cikin mako guda, ƙafafun Madam Lidiya duk sun kumbura a cikin takalmi. Daga Gusau ta hau mota zuwa Tsafe, daga nan ɗan kabu-kabu ya yi ta jijjiga ta har wani ƙauye bayan Bilbis. Umarnin ofis a fili yake: duk makarantar da ba a tarar da malami ko ɗaya mai suna a takardar albashi ba, a rufe ta.

Shekararta goma sha biyu tana tantance ma'aikata, kuma ta daɗe da yanke wa ɗan Adam hukunci: ba ya motsi sai ya ji ƙamshin kuɗi. Ko jiya a wajen Bungudu abin da ta gani ke nan, malamai bakwai a takarda, awaki biyu a aji.

Nan kuwa wani dattijo ta tarar yana buga tsohon ƙarfen mota a gindin tsamiya, yara wajen sittin suna shiga layi. Ya ba aji ɗaya karatu, ya leƙa na biyu, ya wuce na uku. Da gawayi yake rubutu a bango. Sauran malaman huɗu sun koma gari tun da hanya ta daina daɗin bi.

Ya gaishe ta da sunanta tun ba ta faɗa ba. Ta ɗauka ɗan kabu-kabun ne ya yi surutu.

Ta jajanta masa jinkirin albashin watan nan.

"Haka na ji ana faɗi, ranki ya daɗe," in ji shi.

Ta tambaye shi ko yakan yi fashi. Ya ce shekara goma sha ɗaya, ranar karatu ko Gusau aka kira shi ba ya zuwa. Wa zai bar wa yaran? In ya rufe yini ɗaya, washegari rabinsu suna gona, kuma ba duka ke dawowa ba. Amana ce, Allah zai tambaya.

Wannan makarantar dai ta tsira. Lambarsa kawai za ta cike, ta kama hanya kafin la'asar.

Ta bi takardar albashi da yatsa, daga sama har ƙasa. Babu Labbo Manu, sunan da ya ba ta. Ta sake bi. Shi kuwa yana tsaye yana goge baƙin gawayi a gefen rigarsa.

"Duba ɗaya takardar, Madam. Mai jan bangon."

A shafi na uku ta same shi, cikin jerin ma'aikatan bogi da aka soke shekara uku da suka wuce, ga rubutun hannunta a gefe: "An kira shi Gusau ranar Talata, bai zo ba."