Malam Yahuza Ba Ya Magana da Inji

Mutum ɗaya ya rage a sashen Rabi'atu, kuma mutumin nan Malam Yahuza ne.

Kamfaninsu, mai rarraba takin zamani daga wani bene a Garki, ya ɗauko manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake yi wa magana ta rubuta rahoto. Umarni ya sauko daga sama: kowa ya fara aiki da ita kafin ƙarshen wata. Shugaban sashen da ya kasa shawo kan mutanensa za a tura shi reshen bakin iyaka ya sha iska. Rabi'atu ba ta son iskar nan. 'Ya'yanta na makaranta a Kubwa, mahaifiyarta kuma a nan Abuja take ganin likita.

Sauran ba su ba ta wahala ba. Perpetual ta karɓa tun ranar farko. Sadisu ya tambayi manhajar wa zai ci kofin bana, ta ba shi amsar da yake so, shi ke nan suka ƙulla.

Malam Yahuza kuwa ya ce a kai kasuwa.

"Hajiya, ni ba na magana da inji. Abin da ba uwa ba uba, in gaishe shi in ce masa me?"

A wurinsa wannan babbar hujja ce. Mutum ne da ba ya fara magana da kowa sai ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jiki ko da ba mai jiki. Daga maigadi zuwa teburinsa sai shayi ya huce.

Ya kuma iya kushe abin. "Ƙarya gare ta," in ji shi. "Ka tambaye ta ƙananan hukumomin Neja, sai ta ƙaro maka daga aljihunta. Ka ce ta gyara, ta ba ka haƙuri, ta sake shirga wata." Rabi'atu ta gwada, ta tarar haka ne daidai. Girmansa ya ƙaru a idonta. Manya dai, ko ba su taɓa abu ba sun san halinsa.

Ga shi ba a kama shi da aiki. Rahotonsa kan iso kowace Alhamis, tsaf, ba kuskure ko na waƙafi. Zai ajiye yana dafe da ƙugu, ya ce, "Satin nan na sha wuya a kansa." Bayan azahar ya fita zagayen diloli, sai bayan la'asar ya dawo, motarsa na ƙamshin lemo, ya raba wa 'yan ofis kankana. Tausayinsa ya sa Rabi'atu ta karɓe masa rabin kiran diloli ta ɗora wa kanta. Ranar da 'yarta ta karɓi kyauta a makaranta, tana ofis tana rigima da wani dila a waya.

Wata ya zo ƙarshe. Ta kira shi ofishinta ta rufe ƙofa.

"Baba, don Allah. In ba ka yi ba, ni za a raba da garin nan."

Ya ce to, zai yi a gida. Ta ce ba dama, sai a gaban Marvel, jami'ar da hedikwata ta turo don ta gani da idonta. Ya ce Allah ya kai mu, da muryar wanda aka sa wa ranar tiyata.

Washegari aka taru a ɗakin taro. Ya nemi a yi da kwamfutar Sadisu. Marvel ta ce kowa da tasa. Ya ce batirin tasa ya mutu. Marvel ta zaro caja daga jaka. Ya ce lokacin walaha na wucewa. Aka ce za a jira shi. Ya fasa walahar.

Iyakwandishan na aiki, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Rabi'atu ta ji kunyar kanta. Dattijo mai furfura, ta jawo shi gaban yara ana kallonsa kamar ɗan firamare. Ta ƙudura ana gamawa za ta ba shi haƙuri, ta kuma karɓe masa sauran dilolin.

Marvel ta buɗe kwamfutar, ta jona ta da lasifika, ta danna manhajar.

"Ah ah, bai ma tambaya lambar sirri ba. Netwok yana da kyau yau. Oya Baba, ka ce masa ya rubuta rahoto. Shi ke nan fa, ba dogon magana."

Da ya bi shawarar nan, wataƙila da ya tsira. Ya buɗe baki zai ba da umarni tsurarsa, ya kasa. Ya sake gwadawa. Harshen da ya shekara sittin yana gaisuwa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya rufe ido.

"Salamu alaikum," ya ce a hankali.

"Wa alaikumus salam, Alhaji, barka da dawowa," in ji lasifikar, da fara'arta. "Ya gajiyar shago? Kankanar jiya ta samu shiga a kasuwar Zuba kuwa? Rahoton satin nan na gama tun Litinin. In ɓoye shi sai Alhamis kamar yadda muka saba tun bara, kada Hajiya ta ga ya yi sauri?"