Ƙamshin da Ya Tsere Daga Tukunya

Zauna ka ji wani misali. An yi wata mata a wani ƙauye, mijinta ya kira gayyar noma, aka ɗora mata dafa zoɓon da za a kai gona. A garin nan kuwa, gidan da aka sha mai daɗi shi ake rububin amsa wa gayya baɗi, wanda aka sha lami sai kowa ya ce yana da uzuri. Ranar kasuwa ta je wurin wani tsoho mai kayan ƙamshi. Ya baza mata kanumfari a faifai, ya nuna mata yadda ake zaɓe: a ɗauki mai kai, a danna shi da farce, in ya yi naso da mai to shi ne, in ya karye kamar kara a bar shi. Ta tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya. Da za ta tafi ya ce, "'Yata, citta ce mai son wuta. Kanumfari kuwa ƙwaya bakwai ta isa, kuma sai kin sauke tukunya ki jefa, ki rufe." Ta yi godiya, amma a ranta ta ce ƙwaya bakwai me za ta yi wa ƙarti talatin?

Da safe ta ɗora tukunya, ta zuba zoɓo da citta, ta dumbuzi kanumfari cike da hannu ta watsa tun ruwa bai yi zafi ba. Da ya tafasa, ƙamshi ya tashi ya haye katanga. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa leƙowa suna cewa, "Kai, yau 'yan gayya sun dace!" Duk wadda ta yaba, sai ta ƙara itace. Ba ta lura ba cewa abin da ake shaƙa a hanya, daga tukunyarta yake ficewa. Rana ta take, ta tace, ta sa zaƙi, ta kai gona a tulu. Babban manoman ya karɓi ƙwarya ya kurɓa, harshensa ya yi kanta kamar ya tauna saiwar magani. Ya ce, "Sannu da aiki, uwargida," ya miƙa wa na kusa da shi, ya nemi ruwa. Haka ƙwaryar ta zaga har ta dawo hannunta ba a sha ko rabi ba. Ta ɗanɗana da kanta a gindin gawo: ba ƙamshi ko kaɗan, sai ɗaci da raɗaɗi. Ta ɗauki tulunta da nauyinsa kamar yadda ta kawo shi, ta kama hanyar gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.